Kwandon Mutanen Dagona

Duk ranar da na bi ta layin masu banda a kasuwar Nguru, sai na kau da kai na ƙara sauri kamar wadda ake jira a gaba. 'Ya'yana sun ɗauka ƙyamar kifi nake yi, har babbar takan tsokane ni wai ban yi kama da 'yar bakin kogi ba. Na bar su a haka shekara da shekaru. Gaskiyar magana babu abin da nake so a miya kamar bandar tarwaɗa. Ƙamshin ne yake mayar da ni zauren gidanmu na Gashua, ya tsayar da ni a kan turmi, ina 'yar shekara goma sha ɗaya, hannuna a miƙe zuwa abin da ba nawa ba.

Bari in fara da Babanmu, don in ba ka san shi ba, ba za ka gane girman abin da na yi ba. Sarauta ya gada daga mahaifinsa, shi ma daga nasa, irin wadda ake riƙewa a fada ana kuma duba wasu ƙauyuka na bakin ruwa. Dogo ne, mai sanyin magana, in yana tafiya kamar ba ya son ya taka ƙasa ta ji zafi. Ya yi makaranta daidai gwargwado, ya yi aikin En'e, sannan aka naɗa masa rawani. Da siyasa ta dawo, mutane suka yi ta sallama a ƙofarmu har ya yarda ya tsaya, aka zaɓe shi ya tafi majalisar tarayya a Ikko. A lokacin muna cikin Jihar Borno. Kakata, wadda ta haife shi, ba ta so ba ko kaɗan. Takan ce ita ba ta taɓa ganin inda mai rawani ya bi gida gida yana roƙon a dangwala masa yatsa ba. Amma ranar da zai tafi ita ce ta cika masa jaka da dakakkiyar kuka da daddawa, wai kada mutanen Ikko su kashe mata ɗa da ganye.

A bangon zaurenmu, ɓangaren dama in ka shigo, akwai maratayi guda biyar na itacen ƙirya, tun zamanin kakannin Baba. A wajenmu talaka ba ya tsare mai sarauta ya ce masa ina aka kwana a maganarmu. Rashin ladabi ne, kuma shi ma mai sarautar ba ya bin mutum da bayani. To sai magabata suka yi dabara. Duk wanda ya kawo kuka, yakan haɗo da abin da ƙasarsa ke bayarwa. Manomi ya kawo damin gero, makiyayi ya kawo ƙwaryar man shanu, masunci ya kawo kwandon banda. In mai gida ya ce ya karɓa, sai a rataye a maratayi. Muddin yana nan a rataye, kukan yana hannunsa, ba a gama ba. Ranar da buƙata ta biya sai a sauke, a dafa, gida ya ci. In abin ya gagara, sai a ba bara ya mayar wa masu shi, su san su nemi wata hanya. Saboda haka ranar kasuwa za ka ga mutanen ƙauye sun biyo ta ƙofarmu, su tuɓe takalma, su gaida tsohon da ke tsaron zaure, su saci kallon bango su wuce. Babu mai tambaya, bango ya ba su amsa.

Da Baba ya tafi majalisa bai bar wannan al'ada ba, sai ma kaya suka ƙaru. Na tuna damin geron wasu mutane daga wajen Kumagannam da ke neman rijiya, da ƙwaryar man Fulanin Jakusko da gonaki suka toshe wa burtali. Dukansu an sauke. Ranar saukewa ranar daɗi ce gare mu yara, Inna ta yi tuwo ta zuba man har yana kwaranya, Kaka tana cewa ku ci, wannan guminsa ne, ba na gado ba.

Kwandon mutanen Dagona ya zo ne bayan kaka, a shekarar Baba ta uku a majalisa. Shugaban masunta ne ya kawo shi da kansa, wani tsoho gajere mai faffaɗan ƙirji, irin na waɗanda suka ƙare rayuwarsu a kan gora suna bin kifi. Ni na kawo musu ruwan sha, shi ya sa na ji abin da ya ce.

"Alanguburo, ranka ya daɗe, iyayenmu ba su san roƙon ruwa ba, shi yake zuwa ya same su har ƙofar ɗaki. Yau shekara uku yana tsayawa a hanya. An ce can sama aka ɗaure shi. Mu ba mu san masu ɗaurewar ba, kai kuwa ɗaki ɗaya kuke zama da su. Abu guda muke so mu sani kafin damina. In za a sake shi, mu zuba shinkafa a fadama mu zauna. In ba za a sake ba, mu yi gero a tudu, samari su wuce Tafkin Chadi da wuri."

Baba ya ce, "Na karɓa." Aka rataye kwandon a maratayin tsakiya.

Kwandon kaba ne, an cika shi da tarwaɗa da ƙarfasa, an rufe bakin da ganye. Watan farko zauren ƙamshi yake yi, har kuliyoyin unguwa suka mayar da ƙofarmu wurin hira. Sanyi ya wuce yana nan. Bazara ta shigo da zafinta na Gashua, wanda ke sa mutum ya ji tausayin jaki, kwandon yana nan. Ƙwari suka shige shi, wani gari ja ya riƙa zubowa a kan tabarma, ƙamshi ya juye ya zama abin da ba zan kira shi ƙamshi ba. Duk zuwan da Baba zai yi hutu, kafin ya shiga gaida mahaifiyarsa sai ya tsaya a gabansa ya dube shi. Daga baya na ji cewa sau uku yana miƙewa a majalisa a kan maganar ruwan nan, da Turancinsa mai tafiya a hankali, wasu suna hamma wasu suna dariya. Ya bi ofisoshi har masinjoji suka san takalminsa.

Ni kuwa a lokacin kaina ya fi jikina girma. Ina aji shida, 'yar ɗan majalisa, ina zuwa makaranta da takalmi mai maɗauri da aka sayo a Ikko, ina tafiya ina sauraron ƙararsa. Babbar ƙawata 'yar wani ma'aikacin gidan waya ce, mutanen kudu, Kiristoci, Hausarta ta fi tawa zaƙi. A falonsu akwai kujerun kushin da furen roba a kan tebur, ni kuwa a ganina nan duniya ta ƙare. Wata rana ta rako ni gida, muna shiga zaure ta toshe hanci ta ce, "Wani abu ya mutu a nan?" Ba da mugunta ta faɗa ba, har ta ba ni haƙuri da ta ga fuskata. Amma maganar ta zauna mini. A makon nan kuma wani yaro ya ce babansa ya ce a Ikko ana kiran Babanmu ɗan majalisar kifi, aji ya kwashe da dariya. Kamar an haɗa baki, sai malaminmu ya sanar cewa ranar Litinin zai kai mu zaurenmu mu ga hoton majalisa da Baba ya kafa, tunda muna darasin yadda ake mulki.

Na kwana biyu ina saƙawa ina kwancewa. Tsohon da ke tsaron zaure ya tafi Jakusko ta'aziyya. Yayana yana makarantar kwana a Nguru. Inna ba ta fitowa zaure, Kaka kuma idonta ya yi rauni. Ni ce 'yar aike tsakanin zaure da cikin gida, duk abin da ya fita ko ya shiga ta bakina yake bi. Ranar Lahadi da azahar, kowa ya kwanta saboda zafi, na mirgino turmi na kife, na hau na sauke kwandon. Ba shi da nauyi ko kaɗan, ƙwari sun gama da shi. Na kai shi juji bayan gida na tura ƙarƙashin shara, na dawo na share garin, na turara zauren da turaren wutan Inna. Kada ka ce yarinta ce, ban san ma'anarsa ba. Na sani sarai. Na dai gaya wa kaina cewa zan mayar da shi in 'yan ajinmu sun tafi.

Suka zo, suka kalli hoto, malam ya yi bayani, ko minti goma ba su yi ba suka fita. Babu wanda ya ɗaga kai ya dubi maratayi. Da yamma na je juji, na tarar awaki sun riga ni, sun yi kaca-kaca da kabar.

Da tsohon ya dawo ya ga maratayin tsakiya babu komai, sai fuskarsa ta washe. Ya kira ni ya ce, "Uwar ɗakina, mai gida ya yi waya ke nan? Kuka cinye babu ni?" Da na buɗe baki a nan, da bulala biyar ta kashe maganar, a aika Dagona a ce ba a gama ba. Sai na gyaɗa kai. Ya ɗaga hannu yana hamdala, ni kuma na shige cikin gida, inda babu wanda ya san an taɓa komai.

Ranar kasuwa shugaban masunta ya biyo. Hadari ya fara haɗuwa a gabas a kwanakin nan, iska tana kawo ƙamshin ƙasa. Ya tuɓe takalma ya gaisa, ya saci kallon bango kamar yadda aka saba, sai na ga ya sake kallo. Ya dai laluba aljihu ya ba ni goruba biyu, ya dafa kaina ya ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yar mai cika alkawari." Na karɓa na ce amin. Wannan ce dama ta biyu da Allah ya ba ni, na tsaya ina kallon bayansa har ya sha kwana.

Mutanen Dagona suka kwashe irin shinkafar da suka ɓoye suka zuba a fadama. Ba su kula tudu ba sai kaɗan, samari kuma suka zauna gyaran taru da gora, suna jiran ruwa. Ni ina jin labarin a bakin mai tsaron zaure, yana ba ni don in ji daɗi. Na daina cin abinci sosai, Inna ta ɗauka ciwon shawara ne ta yi ta ɗura mini jiƙo. Kullum in na yi salla sai in roƙi Allah ya kawo ruwan, ba don tausayinsu ba, don kada asirina ya tonu. Ko a addu'a kaina na sani.

Ruwa bai zo ba. Damina ma ta yi gardama a shekarar. Majalisa ta riƙe Baba wata uku, sai wajen ƙarshen damina ya sauka a jirgin ƙasa a Nguru, direba ya ɗauko shi a Fijo. Da la'asar ya shigo zaure, ina riƙe da butarsa. Ya tsaya a inda ya saba tsayawa.

"Ina kwandon mutanen Dagona?"

Mai tsaron zaure ya ce, "Ai an ce ka yi waya, ranka ya daɗe."

"Wa ya ce?"

Tsohon ya dube ni, ya mayar da ido ƙasa. "Tsufa ne, ranka ya daɗe. Ni ne ban bincika ba."

Mutumin da ya goyi Baba yana yaro, ga shi yana ɗaukar laifina a gaban idona, ni kuwa na yi tsuru-tsuru da buta a hannu. Baba bai kalle ni ba. Ya tambaya ko sun shuka, aka ce sun shuka. Ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," a hankali, ya shiga gaida Kaka.

Na jira duka, bai zo ba. Washegari da sassafe ya aika kasuwa aka sayo kwandon banda, babba, ya fi na farko. Na ji Kaka tana ce masa ya ba bara ya kai kamar yadda aka gada, ubansa bai taɓa kai kwando da ƙafarsa ba. Ya ce, "Shi bai taɓa ce wa mutane su shuka a kan ƙarya ba." Sannan ya leƙo ɗakin Inna ya ce in sa mayafi, zan raka shi.

Muka shiga mota ni da Baba. Da muka kusa Dagona, inda fadama ta fara, ya ce direba ya tsaya. Garin yana can gaba, ana hango gorubobinsa. Ya fito da kwandon da kansa ya ɗora mini a ka, ya yi gaba, na bi shi ta tsakiyar gonaki.

Na taɓa zuwa wurin nan ina ƙarama, lokacin da ruwa ke kaiwa ƙugu, tsuntsayen ruwa, dinya da kirinjijiya, sun rufe sama. Ranar kuwa ƙasa ce a tsattsage, ƙafata tana faɗawa cikin tsaga. Shinkafa ta fito har gwiwa ta tsaya, ta yi ja, in ka taɓa ta sai ta karye. Ga goruna a kife a gindin itace, ga taru a shanye wanda bai taɓa ruwa ba. Wata mata tana tsugune tana tsintar abin da ban gane ba a cikin busasshiyar shinkafar, ta ɗago ta gaishe mu da ladabi. Wannan kwandon yana da nauyi, wuyana ya sage, man kifi yana bin goshina yana haɗuwa da hawaye. Baba bai waiwayo ba, bai kuma rage sauri ba.

Sai da muka zo bakin gari, mutane sun fara fitowa, ya tsaya. Ya tuɓe takalmansa. Ya kama rawaninsa ya warware shi a nutse, ya naɗe ya miƙa mini. Ban taɓa ganin kansa a waje ba sai ranar, ashe duk furfura ce. Sannan ya sa hannu biyu ya ɗauke kwandon daga kaina ya ɗora a nasa.

"Kin ɗauki iya naki," ya ce. "Sauran nawa ne."

Haka ya ratsa Dagona, mai sarauta ɗan mai sarauta, ɗan majalisar tarayya, babu takalmi babu rawani, da kwandon kifi a ka. Mata suka riƙa juya baya don kada su gani. Shugaban masunta ya taso da gudu zai karɓa, Baba ya hana, sai da ya kai ƙofar gidan tsohon ya sauke, ya zauna a ƙasa.

"Ban samo muku ruwa ba. Gidana ya ce muku na samo, kuka shuka. Gidana kuwa ni ne. Ku yafe mini."

Shugaban masunta ya dubi furfurar Baba. Sannan ya ce, "Alanguburo, ka mayar da rawaninka, rana tana dukanmu." Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba, ni dai ban ji ba.

Ba su bar mu mun tafi haka ba. Matarsa ta tuƙa tuwon gero daga ɗan abin da ya rage musu, ta ɗebi kifi daga kwandon da muka kawo ta sa a miya. Aka ajiye mini nawa a gefe. Na zauna ina juya loma a hannu. Tsohon ya daɗe yana kallona, da rawanin Baba a cinyata da man kifi a goshina, kuma na tabbata ya gane komai. Ya ce, "Ci, 'yata. Ba ke kika ɗaure ruwa ba." Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Baba ya buɗe rumbunanmu biyu aka kwashe zuwa Dagona, shekarar nan mu ma sau biyu muke ɗora tukunya. Bai isa ba, ina zai isa. Samarin garin suka tafi Chadi a makare, wuraren kirki duk an kama. 'Ya'yan shugaban masunta biyu suna cikinsu, ɗaya ya dawo bayan shekaru, ɗayan can ya yi aure ya zauna, uban bai sake ganinsa ba. Shekara ta zagayo aka yi zaɓe, mutanen Dagona suka sake dangwala wa Baba, abin da har yau in na tuna sai in rasa inda zan sa kaina. Bai yi wata nawa da komawa ba sojoji suka rufe majalisar. Ya dawo gida ya ci gaba da rubuta takardu a kan ruwan nan har idonsa ya daina ganin layi. Ya rayu shekara ashirin da wani abu bayan haka, ya aurar da ni, ya ga jikoki, bai taɓa tayar mini da maganar ba ko da wasa. Ni ma ban taɓa ce masa ya yafe mini ba, kullum ina cewa sai gobe.

Yanzu yayana ne ke riƙe da sarautar. An yi wa zauren siminti da fenti, maratayi biyu suka rage, ɗaya ana rataye makullin janareta. Masu kuka a waya suke kira, su kuma tambaya kai tsaye ina aka kwana, babu mai ganin rashin ladabi. Ruwan Dagona wata shekara ya zo ya yi yawa, wata ya ƙi zuwa, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyinsa.

Bara na daure na tsaya a layin masu banda, na sayi ƙaramin kwando, na hau mota zuwa Gashua na rataye shi a maratayin da babu komai. Na ce wa yaran gidan na mutanen Dagona ne, kada wanda ya taɓa. Bayan wata biyu na koma, na tarar babu shi. 'Yar yayana, mai shekara goma sha biyu, ta ce ita ta zubar, ƙawayenta za su zo kuma yana wari. Ta faɗa tana kallon idona, babu tsoro, don babu abin tsoro. Babu wanda ya leƙo ya dubi bangon, babu wanda ya shuka ko ƙwaya ɗaya saboda shi. Uwarta ta ce in yi mata faɗa, ai ni ce babba. Na buɗe baki, sai na ji nauyin kwandon nan na hanyar Dagona a wuyana. Na ce ta kawo mini ruwa in sha.